Kisan Da Baba Alhaji Ya Shirya Yi A Lyon

Shekaru sun tura, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, har sunayen wasu ƙawayena na makaranta sai na yi ta lalube kafin in tuno su. Amma akwai wata ranar Laraba da na tabbata ko gigin tsufa ya kama ni ba za ta fita daga raina ba. Ita ce ranar da kalmomi uku na Ingilishi suka sa aka rufe wani dattijo bawan Allah a Paris, Allah kuma ya ƙaddara ta bakina za a buɗe shi.

Ni 'yar Maraɗi ce. Cikin shekarun tamanin ina koyar da Ingilishi a wata makarantar 'yan mata, sai na samu gurbin ƙaro karatu a Lyon ta ƙasar Faransa. Aka ba ni wani ɗan ɗaki a Villeurbanne, a gefen birnin, a tsakiyar ɗaliban injiniya waɗanda ba su da hira sai ta lissafi. Ingilishina na takarda ne a lokacin. In karatu ne ko rubutu, ba wanda zai raina ni, amma da zarar an ce in buɗe baki gaban mutane sai harshena ya yi nauyi, gumi ya karyo mini. Cikin darussanmu kuma akwai wanda na fi tsana, wato na salon maganar Ingilishi, irin maganganun nan da in ka bi su kalma bayan kalma za su kai ka daji. Gani nake ɓata lokaci ne. Na zo neman babban ilimi, an zaunar da ni ana koya mini zancen 'yan kasuwa da direbobi.

Dangina a ƙasar gaba ɗaya mutum ɗaya ce, Gwaggo, ƙanwar babana. A Bobigny, a gefen Paris, take zaune da mijinta, tana kuma da butik na atamfa da shadda a unguwar Château Rouge, cikin Paris. Mijin nata yana da wa a Kano, babban ɗan kasuwar yadi, wanda muke kira Baba Alhaji. Mutum ne dogo mai fara'a, ba ya jin Faransanci ko na gaisuwa, amma yana da Ingilishin da ya tsinta a kasuwannin Ikko da kuma wajen wani Bature abokin cinikinsa na Manchester. Yana ji da Ingilishin nan ƙwarai. Duk salon maganar da ya ji a bakin Baturen sai ya adana, ya jira inda zai saka ta.

Wata Asabar ya zo Lyon ya ce in raka shi in yi masa tafinta. Muka hau wata unguwa da ke kan tudu, inda masaƙan siliki suke tun kaka da kakanni. Wani tsohon masaƙi ne zai rufe masaƙarsa, don 'ya'yansa duk sun ƙi sana'ar. Ya buɗe mana wani ɗaki, sai ga ɗankwalaye na siliki jibge har rufi, ruwan lemo da kore shar da ja mai ƙuna. Ya ce matan Faransa sun daina yayin irin waɗannan launuka, shekara da shekaru kayan suna nan ba mai tambaya. Na dubi Baba Alhaji, na ga ya ɗaure fuska kamar an kawo masa tsumma. Ya sunkuyo ya ce mini ƙasa-ƙasa, "'Yar nan, kada ki yarda fuskarki ta nuna mun ƙyasa. Wallahi matan Kano suka ga wannan ana gobe Sallah, sai an raba su faɗa." Suka daidaita da tsohon, suka yi musafaha a kan zai dawo ranar Juma'a tare da abokinsa na Manchester su kwashe kayan duka. Ya koma Paris yana ta murmushi shi kaɗai.

Ranar Laraba da safe ina shirin fita, sai aka ƙwanƙwasa ƙofata aka ce ana kirana a tarhon da ke baranda. Ina ɗauka na ji muryar Gwaggo. Matar da takan yi minti biyar tana tambayar sanyi da karatu da ƙafata da ta taɓa gurɗewa, ran nan ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Ke ce? Ki taho Paris yau-yau. Sun kama Baba Alhaji."

"Su wa, Gwaggo?"

"'Yan sanda. Tun jiya. Wai mutane zai kashe a garinku."

Na ce ta natsu ta gaya mini daga farko. Ashe ranar Litinin ya shiga wani ɗan ofishi inda ake aika teleks, irin saƙon waya na rubutu da 'yan kasuwa suke amfani da shi a zamanin, ya aika wa Baturen nan saƙo. Ma'aikacin wurin yana da ɗan guntun Ingilishi, ya karanta, ya garzaya ya kai rahoto. A lokacin Paris zaman ɗar-ɗar ake yi, don an yi ta samun fashewar abubuwa a wuraren taruwar jama'a, kowa na kallon kowa, baƙo kuwa kallo biyu ake yi masa. Washegari suka je masaukinsa suka tafi da shi. Mijin Gwaggo yana Yamai, ita kaɗai ce a kan lamarin.

Allah ya taimaka Baba Alhaji ya bar kwafin saƙon a aljihun teburin butik. Gwaggo ba ta karanta Ingilishi, sai ta riƙa kira mini baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina rubutawa a bayan littafina. Abin da ya fito shi ne: ka zo ranar Juma'a da manyan jakunkuna, kada ka gaya wa kowa. Sannan ya rufe da cewa, "We shall make a killing in Lyon."

Na tsaya ina kallon rubutun. Dariya ta taso mini, tsoro ya danne ta. In aka ɗauki maganar a fuskarta, cewa ya yi za mu yi kisa a Lyon. Amma wannan magana tana cikin waɗanda aka koya mana a darasin nan da na tsana, kuma babu jini a cikinta ko ɗigo. Ma'anarta a ci ƙazamar riba a lokaci guda.

Gwaggo ta ce tun da yammacin jiya Baba Alhaji ya kulle bakinsa, ya ce ba zai sake furta kalmar Ingilishi ba, a kawo masa mai jin Hausa. An ce za a nemo, amma ba a san ranar ba. Ga shi yana da ciwon sukari, maganinsa kuma yana cikin akwatinsa da suka riƙe.

A nan zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Abin da ya fara zuwa raina kaina ne. Takardar zamana ta kusa ƙarewa, ina jiran sabuntawa. Ni na raka shi Lyon ɗin da ake magana, in na kai kaina wa ya san ko za a haɗa da ni? Ga jarrabawar baka da safiyar Alhamis. Na ce, "Gwaggo, gobe fa ina da jarrabawa."

Sai ta ce, "To, zauna ki yi jarrabawarki, 'yata. Allah ya ba da sa'a."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ta jira ni a bakin komisariya, wato ofishin 'yan sandan, da azahar.

Ban wuce tasha kai tsaye ba, don na san bakina kaɗai ba zai isa ba. Wace ce ni da za a yarda da maganata? Na fara zuwa laburaren jami'a, na ɗauko ƙaton ƙamus na salon maganar Ingilishi, na buɗe wurin, ga ta nan zaune da bayaninta. Littafin ba a fita da shi, sai na sa aka ɗaukar mini hoton shafin da na bangon. Daga nan na zauna gaban tarin tsofaffin jaridun Ingila ina ta bin shafukan kasuwanci da yatsa. Na kusa sa'a guda ina nema, har na fara fid da rai, sai ga maganar a cikin labarin wasu da suka sayi gidaje da araha suka sayar da tsada. Na ɗauki hoton wannan ma. Sannan na hau tudun nan da gudu-gudu sauri-sauri wajen tsohon masaƙi. Da na ba shi labari sai ya zauna a kan wani dami ya dafe kai. Ya ce, "Mutumin nan da ya ƙi shan kofina sai da na fara sha, don girmamawa?" Ya rubuta takarda da hannunsa yana bayyana cinikin, ya buga hatimin masaƙarsa, ya sa lambar tarhonsa, ya ce ba zai motsa daga wurin ba sai an kira. Ya zaro ɗankwali ɗaya mai ruwan lemo ya tura mini cikin jaka.

Jirgin ƙasa mai gudun nan da aka fara yayi a lokacin na shiga. Sa'a biyu na yi ina maimaita abin da zan faɗa, duk maimaitawar da na yi sai ta fi ta baya lalacewa. A tashar Paris 'yan sanda na tsaye suna buɗe jakunkunan mutane. Aka buɗe tawa, aka ga takardu da ɗankwali, aka ce in wuce.

Na tarar da Gwaggo a bakin ƙofa, idanunta sun yi ja, tana riƙe da kwanon abinci da aka hana ta shiga da shi. Muka zauna kan wani benci mai sanyi muka yi ta jira. Sai wajen la'asar aka kira ni, ni kaɗai.

Komiser ɗin, wato shugaban 'yan sandan wurin, mutum ne mai furfura, idanunsa sun faɗa don rashin barci. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, gajiya na gani. Gefensa wani jami'i ne mai matsakaicin shekaru, wanda na gane daga baya shi ya fassara saƙon, shi kuma ya yi wa Baba Alhaji tambayoyin farko. Komiser ya karɓi takardar zamana, ya duba ranar ƙarewarta, ya dube ni, ya ajiye ta a gabansa bai mayar mini ba. Ya ce, "Madamwazel, aikinki ki juya abin da na faɗa, ki juya abin da ya faɗa. Ba ƙari, ba ragi."

Aka shigo da Baba Alhaji. Sun karɓe hularsa da carbinsa da agogonsa. Ban taɓa ganin kansa a buɗe ba, sai na sunkuyar da nawa. Na durƙusa na ce, "Baba, sannu. Ya jiki?"

Ya ce, "'Yar nan, ke suka ɗauko? Kai, ban so aka wahalar da ke ba. Ya karatu?"

Mutum yana cikin wannan hali yana tambayata karatu.

Komiser ya buɗe takardar tambayoyin jiya ya karanta. An tambaye shi da Ingilishi ko shi ya rubuta saƙon, ya ce shi ne. An tambaye shi ko da gaske yana nufin yin abin da ya rubuta, ya ce ƙwarai kuwa, babba ma, in Allah ya yarda. An tambaye shi ko ya taɓa yin irinsa, ya ce ya yi a Ikko sau biyu, amma na Lyon zai fi su. Na juya wa Baba Alhaji wannan da Hausa. Shi kuwa ya buɗe hannuwa ya ce, "To ai gaskiya na faɗa! Ni na ɗauka mutanen kwastan ne, suna so su ji ko cinikin babba ne. Sai da na ga sun kawo ankwa na san akwai magana."

Na juya wannan da Faransanci. Daga nan na yi abin da aka hana ni. Na ce, "Mushe komiser, ina neman izinin minti biyar. Ni malamar Ingilishi ce. Kuskuren da ke cikin wannan takarda ba a bakin dattijon nan yake ba, a fassara yake."

Jami'in nan ya yi tsaki. Ya ce kalmar a fili take, ya duba ƙamus, kisa ce, ko ɗan firamare ya san ta. Komiser ya ɗaga masa hannu, ya dubi agogon bango, ya ce mini, "Biyar."

Muryata ta fara da rawa, amma ina shiga bayanin sai na ji ta tsaya da ƙafarta, don abin da na sani nake faɗa. Na ce gaskiya ne kalmar ita kaɗai kisa take nufi. Amma in ta zo a jere da 'yan uwanta biyu, make a killing, ta tashi daga ma'anarta ta koma wata, kuma duk mai jin Ingilishi tun daga tsatso ba zai ji komai a ciki ba sai riba. Na ce ba kowace riba ba ce ma. Ma'aikacin da ke jiran albashi ba a faɗa masa ita, haka manomin da ya yi shekara yana wahala ya samu abin da zai ci. Ana faɗar ta ga wanda ya faɗa kan wata dama, ya saya da araha ya sayar da tsada, ya kwashi mai yawa a ɗan lokaci. Wani lokaci da yabo ake faɗar ta, wani lokaci da ɗan ƙyashi, kamar a ce wane ya shammaci kasuwa. Na ƙara da cewa in Baingile na nufin kisan rai, wanda za a kashe yake ambata, ba ya cewa zai ƙera kisa kamar mai ƙera tukunya. Na shimfiɗa masa hoton shafin ƙamus, na ɗora na jarida a kai, na nuna masa layin da yatsa.

Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Jami'in ya leƙo ta kafaɗarsa, na ga kunnuwansa sun fara ja. Amma bai saduda ba. Ya ce ai mugaye ma sun iya ɓuya a bayan irin wannan magana. In ciniki ne, me ya kawo kada ka gaya wa kowa? Me za a yi da manyan jakunkuna?

Tambaya ce mai kyau, ban ƙi ba. Na juya wa Baba Alhaji. Sai na ga dattijon ya miƙe zaune, ɗan kasuwar da ke cikinsa ya farka. Ya ce, "Ki tambaye shi, in shi ne ya ga kaya na bagas a lungu, shela zai yi wa abokan hamayyarsa? Château Rouge kaɗai akwai mutum goma da in suka ji, kafin Juma'a ba zan tarar da ko zare ba. Jakunkuna kuwa, a aljihu zan zuba kayan?"

Na juya shi yadda ya faɗa, har da zafin. Na ga gefen bakin komiser ya motsa. Wannan ɗan motsin ne ya ba ni ƙarfin hali. Na ce, "Mushe komiser, ku ma a Faransanci in mutum yana jiran jirgi ya ɗauki jarida, cewa kuke yana kashe lokaci. An taɓa kawo muku wani a kan haka?" Ya cire tabarau. Na ce, "Mu a Hausa abin ya fi haka. In mace ta je kasuwa ta yi sayayya, ta kashe kuɗi. In ta sha ruwa, ta kashe ƙishirwa. Za ta kwanta, ta kashe fitila. In zama ya ƙi daɗi, ta kashe aure. Da za a bi hirar gidanmu kalma bayan kalma, da yau babu wanda ya rage a waje a Maraɗi."

Dariya ta ƙwace masa. Ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari, ta ƙi. Ni kuwa na zaro takardar tsohon masaƙi da ɗankwalin nan na ajiye a kan tebur. A cikin ɗakin da komai nasa toka-toka ne, launin ya tashi kamar an kunna wuta. Na ce, "Ga waɗanda za a kashe ranar Juma'a."

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Komiser ya ce takarda kowa na iya rubutawa. Ya jawo tarho ya ce za a kira mutumin Manchester yanzu, ni zan yi magana, kuma kada in ambaci kamu ko ciniki, in tambaye shi kawai me zai kai shi Lyon. Tarhon Faransa na lokacin yana da wani ɗan abin saurare na biyu a bayansa, ya miƙa wa jami'in don ya ji duk abin da za a faɗa.

Abin da na fi tsoro a duniya ke nan, Ingilishin baka da Baingile na gaske, ga kunnuwa na saurare. Na yi bisimilla a zuci. Aka ɗauka, wata murya mai kauri ta yi magana da irin karin harshen arewacin Ingila da ba a koya mana a aji ba. Na gabatar da kaina a matsayin 'yar Alhaji, na yi tambayata. Ga mamakina kalmomin suka riƙa fitowa a jere, ba wadda ta taka wata. Baturen ya ce, ɗankwalaye mana, siliki, ɗaki guda cike, har ya sayi tikiti, lafiya dai? Komiser ya rubuto mini tambaya ta biyu a takarda: me ƙarshen saƙon yake nufi? Da na karanta masa sai ya fashe da dariya har tarhon na ƙara. Ya ce ai shi ya koya wa Alhaji maganar, a kan wani cinikin leshi da suka taɓa yi. Da aka ba ni izini na gaya masa inda Alhajin yake, dariyar ta ɗauke, ya shiga faɗa da sauri, yana cewa shekara goma sha yana hulɗa da mutumin nan ko allura bai taɓa cin tasa ba. Duk na juya, ban bar ko kalma ba. Jami'in ya ajiye abin sauraren a hankali, bai dubi kowa ba.

Aka kira tsohon masaƙi. Bugu ɗaya ya ɗauka, kamar yadda ya yi alkawari. Wannan karon komiser da kansa ya yi magana, kuma daga inda nake ina jin tsohon yana ɗaga murya.

Sauran aikin na takardu ne. Kafin magariba aka kawo wata ambulan aka zazzage: agogo, carbi, fasfo, hula. Aka kuma dawo masa da akwatinsa. Baba Alhaji bai yi gaggawa ba. Ya ɗauki hular ya karkaɗe, ya gyara karinta, ya ɗora, ya ɗan tura ta gefe yadda ya saba, sannan ya miƙe. Komiser ya tashi ya ba shi hannu, ya ce in gaya masa suna ba shi haƙuri, lokaci ne mai wuya. Baba Alhaji ya ce, "Ki ce masa na yafe. Mai tsaron gari in bai yi zargi ba, bai yi aiki ba. Amma su nemi masu jin magana." Komiser ya miƙo mini takardar zamana da hannu biyu, ya tambaye ni ko zan yarda a rubuta sunana cikin waɗanda ake kira tafinta. Muna fita jami'in nan ya biyo ni baranda. Na ɗauka wata magana ce, ashe roƙo ya zo yi in bar masa hoton shafin ƙamus ɗin. Na ba shi, na kuma rubuta masa sunan littafin.

Gwaggo na ganinmu ta saki kwanon abinci ta rangaɗa guɗa a tsakiyar titin Paris, Turawa na waiwaye. Da muka fito daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Château Rouge labari ya riga mu isa. Masu nama, masu kitso, masu kayan miya, 'yan Damagaram da 'yan Tawa da 'yan Kano, duk sun cika bakin butik. Baba Alhaji ya sha maganinsa, ya ci abinci, sannan ya kama gefen mayafina ya ɗaga ya ce wa jama'a, "Ku dube ta da kyau. Yarinyar nan ta tsaya gaban hukuma da harshe uku, ba ta yi tuntuɓe a ko ɗaya ba." Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, na tsaya ana ta sa mini albarka, ina kuka ina dariya. Wani dattijo ya ce masa, "To Alhaji, yanzu kowa ya ji sirrin Lyon." Ya ce, "Ku ji mana. Na riga na yi musafaha."

Jirgin farko na safe na bi na koma, na shiga jarrabawa da kayan jiya a jikina. Malamai uku ne a zaune, amma bayan komiser sai na gan su kamar ƙannena. Na ci. Ranar Juma'a kuma na sake hawa tudun nan tare da Baba Alhaji da Baturensa da jakunkunansu, aka kwashe ɗakin tas. Bayan Sallah Gwaggo ta gaya mini ko ɗankwali ɗaya bai kwana a Kano ba, an saye su duka. Aikin tafinta kuwa na yi shi shekaru masu yawa bayan nan, a asibitoci da ofisoshi, duk inda wani namu ya rasa bakin magana.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, magana ba ta ƙarewa a bakin mai faɗar ta, sai ta isa kunnen mai ji, kuma a tsakanin nan rai na iya salwanta. Baba Alhaji bai yi ƙarya ba, wanda ya kai rahoto ma bai yi ƙarya ba, amma da ba a samu wanda ya san abin da masu harshen suke nufi ba, da gaskiya biyu sun hallaka mutum. Tun daga lokacin, in na ji magana ta yi mini nauyi a kunne, ba na yanke hukunci sai na tambaya: a wajenku, me ake nufi da wannan? Kuma in Allah ya sa kai ne ka san amsar, to ka tashi ka je ka faɗa, ko muryarka na rawa.